Yadda Za Ka Daina Rataye Maganarka a Cikin Jama'a

Ana saura mako 3 bikin ƙanwata aka yi zaman dangi a tsakar gidan kawunmu a Nima, unguwa ce a Akra. Ni aka aika in jiyo kuɗin rumfa da kujeru da na masu girki. Na je na jiyo, na rubuta a takarda, lissafina babu kuskuren ko sisi. Da aka zo kaina sai na miƙe na ce, "Rumfa da kujeru sidi 2,000 ne?" Ni dai a zuciyata bayani nake yi, amma abin da ya fito daga bakina tambaya ce. Kawu ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Mu kake tambaya? Ai kai muka aika." Aka kwashe da dariya. Na ci gaba da karanto sauran, kowane layi yana ƙarewa a sama kamar na farkon, har wani yayanmu ya ce a sake tura wani ya tabbatar da farashin. Da aka watse gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Kai ɗan nan, maganarka duk a rataye take kamar wanki a igiya. Ka riƙa dire ta mana."

Daga bakinta na samo sunan abin, kuma da shi zan yi amfani a nan. Rataye magana shi ne ka faɗi abin da ka sani, amma a gaɓar ƙarshe muryarka ta haura sama kamar mai tambaya. Ba ƙarfin murya ake nufi ba. Mutum yana iya yin raɗa ya rataye, yana iya yin ihu ya dire.

Ni na san inda na kwaso nawa. Na yi shekara 2 ina amsa waya a wani kamfani, da Turanci daga safe har yamma, ana ce mana mu riƙa sa fara'a a murya. Ga kuma bidiyon Amurkawa da muke kwana kallo a waya. A Gana har laƙabi ake yi wa mai irin wannan harshe, a ce yana LAFA, wato karin harshen waje da aka koya ba tare da an taɓa hawa jirgi ba. Masana harshe sun daɗe da lura da ɗabi'ar a Turancin Ostareliya da Niyu Zilan da na matasan Kalifoniya, kuma a 1993 wani marubuci a jaridar New York Times ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi a Turanci har yau, wato uptalk. A garuruwa irin su Belfas da Gilasgo kuwa, haurawar murya a ƙarshen jimla karin harshen garin ne, haka aka haife su suka tarar, babu mai ɗaukarsu marasa tabbas. Saboda haka ba cuta ba ce. Matsalarmu ita ce kunnen da ke sauraronmu a zango bai saba da ita ba. Dattijo a Mamobi ko Fadama in ya ji ƙarshen magana ya tashi, abu ɗaya yake fahimta: yaron nan bai tabbata ba, ko kuma yana neman a tabbatar masa.

Ka fara da jin kanka

Ba ka gyara abin da ba ka ji ba, kuma mai rataye magana ba ya jin kansa a lokacin da yake yi. Sa'armu ɗaya, kusan kowa yana da tarin muryarsa a WhatsApp. Buɗe wayarka ka zaɓi saƙon murya guda 10 da ka riga ka aika. Kada ka ɗauki sabo don gwaji, domin in ka san ana sauraro za ka gyara zama. Ka haɗa iri-iri: wanda ka aika wa aboki, wanda ka aika wa mahaifiya, na zauren dangi, na maigidanka a wurin aiki, na wadda kake nema in akwai.

Sa abin ji a kunne, ka ɗauki biro da takarda. Duk jimlar da ba tambaya ba ce amma ta ƙare a sama, ka ja sanda ɗaya. A gefe ka rubuta wa kake yi wa magana, da wane yare, kuma a kan me. Za ka ji kunyar muryarka, kowa ma haka yake ji, ka daure.

Abin da takardar za ta nuna maka ya fi adadin muhimmanci. Ni na tarar da abokaina na bes ɗin ataya, wato majalisarmu ta shan shayi, kusan ba na yi musu. Sandunan duk sun taru a wuri uku ne: in ina magana da manya, in ina faɗin kuɗi, da in ina faɗin sunana ga baƙo. Da na ga haka na gane ba maƙogwarona ke da laifi ba. Izini nake nema a kowace jimla ba tare da na sani ba.

In kana da kwamfuta kuma kana son gani da ido, akwai manhaja kyauta mai suna Praat, wadda wasu malamai biyu na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. Kana sa mata muryarka za ta zana maka shuɗin layi mai hawa da sauka, ka ga wutsiyar jimlarka ta miƙe sama ƙuru-ƙuru. Ba dole ba ne, kunne ma ya isa.

Ka san yadda Hausa take sauka, kada ka karya ta

A nan ne shawarar da ake samu a intanet take ɓatar da Bahaushe, domin don masu Turanci aka yi ta. Za su ce maka ka saukar da gaɓar ƙarshe ta kowace jimla. A Hausa wannan ba ya yiwuwa, saboda kowace kalma tana da karin sautinta, kuma karin yana canza ma'ana. Wuyan da ke ɗauke da kai yana farawa sama ya sauka, wuyar da ake sha kuwa tana farawa ƙasa ta hau. Kukan yaro sama yake duka, kukar miya tana sauka a ƙarshe. In ka ce za ka danne ƙarshen kowace kalma, sai ka wayi gari kana Hausa kamar baƙon da ya koya jiya.

Hausa tana da tata hanyar direwa. Jimlar bayani tana gangarowa ne kamar mai saukowa daga bene: duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yana zama ƙasa kaɗan da na saman da ya gabace shi. Faɗi wannan a hankali ka saurara: "Yara sun tafi makaranta da safe." Kalmar "safe" karin sama gare ta, amma ba ta kai tsayin "sun" ba, domin an sauko matakala biyu kafin a iso ta. Wannan gangarowar ita ce ke gaya wa mai sauraro cewa bayani kake yi. Yanzu mayar da ita tambaya: "Yara sun tafi makaranta da safe?" Za ka ji gangarowar ta ragu, "safe" ta yi tsalle sama, wasalin ƙarshe ya ɗan ja. To mai rataye magana yana ɗaukar wannan tsallen ne ya liƙa wa bayani.

Saboda haka aikinka a Hausa ba danne ƙarshe ba ne, barin jimlar ta gangaro da kanta ne, kada ka tare ta a matakalar ƙarshe ka cilla ta sama. Ka rubuta jimloli 6 ko 7 daga rayuwarka, ka riƙa faɗin kowace sau biyu, da gangan, sau ɗaya tambaya sau ɗaya bayani:

Ya zo? Ya zo.
Gobe ne sunan? Gobe ne sunan.
A Madina kake zaune? A Madina nake zaune.

Ka yi tambayar da zuzutawa, har ta ba ka dariya. Dalili shi ne bakinka ya san bambancin hanyoyin biyu, ya daina bin ɗaya cikin rashin sani. Minti 5 bayan sallar asuba ya wadatar, ka yi haka mako guda kafin ka je ko'ina da shi.

In ka koma Turanci, a nan shawarar tasu ta yi daidai: ka nemi kalmar da ta fi nauyi a ƙarshen jimla, ka ɗan hau kanta, sannan ka sauko ka tsaya a ƙasa. Mu da muke juya harshe uku ko huɗu a yini, Hausa a gida, Twi ko Ga a kasuwa, Turanci a ofis, sai mun gwada kowanne daban. Ni na ga Twi ɗina lafiya lau yake, mai yiwuwa don a kasuwa na koye shi, wurin da babu mai saya daga hannun mai inda-inda.

Numfashi da aya

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani biyu a maƙogwaro masu kaɗawa idan iska ta ratsa su, wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ga yawancin maza, wajen 200 ga yawancin mata. In suka ɗaure sai kaɗawar ta ƙaru, murya ta sirance ta hau. Fargaba tana ɗaure su. Ƙarewar numfashi ma haka, domin idan iska ta kusa ƙarewa mutum yakan matse wuya ya tatso sauran kalmomin.

Maganin wannan mun koye shi tun muna makarantar allo, mun manta ne kawai. Malam ba ya barin yaro ya haɗa aya uku a numfashi ɗaya. Ka ja numfashi, ka karanta, ka tsaya inda aka ce a tsaya. Haka za ka yi wa maganarka. Kafin ka buɗe baki ka ja iska har cikinka ya taso, ba kafaɗa ba. Ka faɗi abu ɗaya. Ka sa aya. Ka rufe bakinka ruf, leɓe ya taɓa leɓe, ka ƙirga ɗaya, biyu a zuci.

Wannan shirun na daƙiƙa 2 shi ne mafi wuya a cikin duk abin da zan faɗa. Za ka ji kamar shekara, za ka ji kamar kowa ya zuba maka ido yana jiran ka ba da haƙuri. Babu wanda ya lura. Ka saurari masu karanta labarai a sashen Hausa na BBC ko DW, ko na gidan rediyon GBC, ka ji yawan tsayawar da suke yi da yadda suke ajiye kowace jimla kafin su ɗauki ta gaba. Ka ɗauki minti ɗaya na labaran, ka riƙa tsayar da shi kana maimaitawa a bayansu.

Jiki ma yana taimako. Yawancin masu rataye magana suna ɗaga gira da haɓa tare da muryar. Ka gwada a madubi ka gani. Ni dabarar da ta yi mini aiki ita ce in sauke tafin hannuna a kan cinya daidai kalmar ƙarshe. Hannu na sauka, murya na bin sa. A cikin taro ba mai ganewa, sai a ɗauka zama kake gyarawa.

'Yan rakiya

Rataye magana ba ta tafiya ita kaɗai. Tana da 'yan rakiya: "ko?", "ka gane?", "ba haka ba?", "ka ji ko?" Wasunmu har "anaa" ta Twi muke jonawa a ƙarshen Hausa. In ka kori tsallen murya ka bar waɗannan, ba ka yi komai ba. Ka koma kan saƙonnin nan 10 ka ƙirga su su ma. Ba a ce ka daina tambayar mutane ko sun fahimta ba. Ka gama bayaninka tukuna, sannan ka yi tambaya ɗaya ta gaskiya, "Akwai abin da ban fayyace ba?", ka jira amsa.

Fita da shi waje, daga mai sauƙi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai ranar neman aure ko ranar ganawar ɗaukar aiki ka ce za ka gwada. Akra cike take da wuraren gwaji kyauta, inda ko ka yi kuskure ba wanda zai tuna da kai.

Fara da mai koko da safe. "Koko na sidi 5, ƙosai na sidi 5." Dire shi. In ka rataye za ta sake tambayarka, nan take ka san ka faɗi. Sai tiroto, wato ƙaramar motar haya: ka gaya wa yaron mota inda za ka sauka sau ɗaya, a dire. Ka ma saurari yadda shi yake kiran unguwar Madina ko Kaneshi, ko kusa ba ya tambayar kowa ko motar za ta je can.

Wurin mai MoMo, wato mai tura kuɗi ta waya, ya fi ko'ina daɗin gwaji, domin a can za ka ga inda hawan murya yake da amfani. Lambar waya a Gana guda 10 ce, muna karanta ta kashi uku. Kashi na farko muryarka ta tsaya sama, alamar da saura. Na biyu ma haka. Na uku ta sauka, alamar an gama. In ka ɗaga na ukun za ka ga mai shagon ya tsaya da yatsa a kan waya yana jiran ƙarin lamba. Abin da kake yi wa mutane ke nan duk lokacin da ka rataye jimla, kana barinsu da yatsa a sama.

Bayan nan sai ciniki. Ka shiga kasuwar Nima ranar Laraba ka taya abu. Tayin da aka rataye gayyata ce a ƙara maka kuɗi. Idan kai ne mai sayarwa, tela ne kai ko mai gyaran waya ko mai kitso, abin ya fi tsanani, domin duk farashin da ya fito da alamar tambaya an riga an rage shi kafin mai saye ya buɗe baki. Ka faɗi kuɗinka ka yi shiru, ka bar shi ya fara magana.

Sai ka kai shi cikin abokai. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ku yi alama tsakaninku, misali ya taɓa kunnensa duk lokacin da ka rataye. Mutum ɗaya na ce. In ka sanar da bes gaba ɗaya, ka ba su abin tsokana har Babbar Sallah.

Gaban manya

Nan ne gizo yake saƙa. Da yawanmu muna rataye magana a gaban manya ne don muna tsoron kada a ce ba mu da kunya. An tashe mu a kan cewa yaro ba ya yanke magana a gaban babba, to sai muka mayar da kowace jimla roƙo, muna ganin ladabi ne.

Amma ka lura da mutanen da aka san su da ladabi a unguwa, irin wanda ake tura wa gidan Sarkin Zango ko wurin liman da saƙo. Zai cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa har ta ƙare, ya sassauta murya, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce in sanar da kai an sa ɗaurin auren ranar Lahadi bayan azahar." Jimlar a dire take tsaf. Ladabinsa yana cikin durƙuson da gaisuwar da "Allah gafarta Malam", saƙon kuma ya fito da tabbaci, domin abin da aka aiko shi ya kawo ke nan. Hausa ta tanadar mana kayan girmamawa masu yawa, ba ma bukatar aron tsallen murya.

To ga yadda za ka yi. Ka zuba ladabinka duka a farko, da kalmomi: "Kawu, in an ba ni dama," ko "Hajiya, a nawa ɗan ganin," ko "Ranka ya daɗe, abin da na samo shi ne." Sau ɗaya ya isa. Bayan nan ka faɗi maganar a dire, da murya ƙasa-ƙasa. In kuma da gaske ba ka tabbata ba, ka faɗa da baki: "Wannan ban tabbatar ba tukuna, zan jiyo zuwa gobe in sha Allah." Wannan ma a dire. Babba ya fi ganin girman wanda ya ce bai sani ba a kan wanda ya sani amma yake faɗa kamar mai canke.

'Yan'uwa mata, na san naku ya fi namu sarƙaƙiya. In kin rataye a ce ba ki san abin da kike yi ba, in kin dire a ce kin cika rawar kai, alhali maza ma suna ratayewa ba a cika kama su ba. Ba ni da maganin wannan rashin adalcin, amma ki kalli magajiya idan tana raba aiki a gidan biki, ko Hajiyar da ke karɓar kuɗin adashi. Ba sa ihu, ba sa ɗaure fuska, har da wasa da dariya suke yi, amma in suka ce ranar Asabar za a kawo kuɗi, babu mai jin alamar tambaya a ciki.

In ana katse ka

Akwai wani dalilin da ya sa ɗabi'ar take da wuyar bari: tana yi maka aiki. Muryar da ta tsaya sama tana cewa ban gama ba, kada a karɓe. A zaman da kowa ke son magana, ranar da ka fara direwa za ka ga ana shigo maka a kowace aya. Kada wannan ya mayar da kai gidan jiya. Ka kama filinka tun farko da adadi: "Abu biyu zan faɗa." Yanzu ko ka tsaya, an san da saura ɗaya. In an shigo duk da haka, ka ɗan ɗaga hannu ka ce, "Bari in ƙarasa na biyun," ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Kada kuma ka wuce gona da iri. Na taɓa yin mako guda ina danne murya can ƙasan maƙogwaro don in yi kama da manya, na ƙare da ciwon wuya, ƙanwata tana tambayata ko mura nake yi. Direwa saukowa ce zuwa inda muryarka take zama da kanta, ba tona rami ba. In murya ta dishe ta wuce mako 3 ba ta dawo ba, wannan ya fita daga batun ɗabi'a, ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai su a asibitin Korle Bu, akwai a asibitin Komfo Anokye ga mutanen Kumasi. Sannan ka bar wa hawan murya wurarensa: tambaya ta gaskiya, jero abubuwa, lallashin yaro, da ba da labari, inda kake so a ce maka "sai aka yi yaya?"

Duk ranar Juma'a ka sake ɗaukar sababbin saƙonni 10 ka ƙirga sanduna, ka ajiye takardun wuri ɗaya. Wani makon za su ragu, wani makon da ka gaji ko ka shiga damuwa za su dawo. Ni sai da na yi wajen wata 2 kafin in daina tunanin hannuna a kan cinya, kuma har yau in waya ta shigo da Turanci daga lambar da ban sani ba, nakan ji wutsiyar tana son tashi.

Bara ƙanwar tawa ta haihu, aka sake zama a tsakar gidan nan na Nima, aka sake aikena, wannan karon kuɗin ragon suna. Na durƙusa na gaida Kawu, na ce masa na zagaya wuri uku, na faɗi kuɗin na rufe bakina. Ya sauke tabarau ya dube ni. Ya ce ragon ya yi tsada, a zamaninsu da wannan kuɗin sa ake saya, ya tambaye ni ko na duba haƙoransa. Na ce na duba. Muka shafe rabin awa muna gardama a kan rago, a ƙarshe ya ciro kuɗin daga aljihun babbar riga ya ƙirga mini, ya ce in tabbatar an kawo shi kafin magariba.